Kun Tambaya, Mun Amsa: Rayuwar Ɓeran Daji Da Abin Da Ke Kawo Shi Rumbu

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan wata a kan ɓera suke, wanda mutanen Sakkwato da Katsina da Nijar ke kira kusu. Ba abin mamaki ba ne, da yake an gama girbi, amfani ya shiga rumbu, ciyawa ta bushe. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, malaman gona da masu nazarin dabbobin dawa da ke taimaka wa wannan fili suka amsa.

Wani manomin shinkafa daga Kura ya ce: Ɓeran da ke yanke mana shinkafa a gona, shi ne wanda ke hana mu barci a ɗaki?

Malam, ba shi ba ne. Sunan ne ɗaya, amma iri-iri ne, kuma wanda bai san irin da ke damunsa ba zai yi ta ɗana tarko inda ba hanya.

Wanda kake jin gudunsa a saman rufi da dare shi ne baƙin ɓera. Kunnuwansa manya ne, wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, gwanin hawa ne, a azara da silin yake sheƙa. Baƙo ne a Afirka. Asalinsa ƙasar Indiya da kewayenta, jiragen ruwa suka yaɗa shi duniya, yau kuma manyan motocin kaya ke shigar da shi garuruwan da ke nesa da teku.

Na gona kuwa 'yan ƙasa ne. Akwai ɓeran ciyawa, mai kauri, mai gashi rodi-rodi da gajeriyar wutsiya. Shi da rana yake fita, musamman da hantsi da la'asar. In ka duba gindin ciyawa a bakin kwami ko gefen magudanar ruwa za ka ga 'yan siraran hanyoyi da ya tattake, faɗinsu kamar yatsa uku, da guntayen kara da ya yanke a karkace ya tara. Wannan shi ne babban mai yi wa shinkafar rani ɓarna a yankinku. Sai ɓera mai nono da yawa, ɗan ƙarami mai laushin gashi, nauyinsa kamar giram 50. In ka kifar da macen za ka ga nonuwa jere biyu daga ƙirji har mara, daga 16 har 24, alhali ɓeran gida bai wuce 10 ko 12 ba. Shi ne mai gida biyu: damina a gona, rani a cikin gida. Ku riƙe sunansa, za mu sake komowa kansa.

Can arewa, a jigawar Maraɗi da Damagaram, akwai ɓeran rairayi, ja-ja mai farin ciki da manyan idanu, wanda ke bin ramin shuka da dare yana tone gero tun bai tsiro ba. Gafiya da gyazbi dangi ne na nesa. Jaɓa kuwa ba ɓera ba ce sam. Ba ta cin hatsi, kyankyasai da gyare da tsutsa take ci. Warinta ne kawai ya ja mata baƙin jini, a bar ta ta yi aikinta.

Daga Tawa, wani makiyayi ya tambaya: Wata bakwai ba ɗigon ruwa a daji. Me ɓera ke sha, kuma yaya yake tsira daga zafin bazara?

Rami shi ne rabin rayuwarsa. Rairayin da zai ƙona maka tafin ƙafa da azahar, in ka tona shi kamu biyu ko uku za ka tarar da sanyi da ɗan danshi. Ɓeran rairayi yana wuni a can ƙasa, ya toshe bakin ramin da ƙasa daga ciki don kada danshin numfashinsa ya tsere, kada kuma maciji ya samu ƙofa a buɗe. Ba ya fita sai dare ya yi, iska ta huce.

Ruwa kuwa daga abinci yake samu. Busasshen iri da aka ajiye a rami mai danshi yakan tsotsi laima, sannan jikin ɓeran kansa yana fitar da ruwa daga hatsin da ya narkar. Ya ƙara da saiwa, da gara, da fara, da raɓar asuba in ta samu. Ƙodarsa tana tace fitsari har ya yi kauri, kashinsa a bushe yake fita, ba ya gumi. Da haka yake wuce rani bai taɓa kai baki tabki ba. Ɓeran ciyawa bai kai shi juriya ba, shi ya sa da rani ake ganinsa ya tattaru a fadama da gonakin ban ruwa.

Gafiya dabararta ajiya ce. Tana da jaka a kowane kumatu, takan cika su da gyaɗa ko ɓawon rogo har fuskarta ta ninka, ta kai rami ta zazzage ta komo. Daga nan aka samo "gafiya tsira da na bakinki". Raminta, wanda take yawan haƙawa a gindin tsohuwar bishiya ko a suri da gara ta bari, yana da ɗakin kwana da ta shimfiɗa wa ganye, da ɗakin ajiya, da wurin bayan gida daban, da ƙofa fiye da ɗaya. Babbar gafiya takan kai kilo ɗaya ko fiye, ana kuma gane ta da wutsiyar da rabinta na ƙarshe fari ne.

Duk da wannan hikima da Allah Ya ba su, yawancinsu ba sa ganin damina ta biyu. Ɓeran daji da ya shekara ya tsufa. Yunwa da maciji da mujiya su ke rage su, har ya zama kafin ruwan farko 'yan kaɗan ne suka saura.

Wani daga Haɗejiya ya ce: In haka ne, me ya sa wata shekara su kan yi yawa kamar an zubo su daga sama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don a nan ne manomi ke cin nasara ko ya yi asara.

Ɓera ba ya dogara da tsawon rai, da haihuwa ya dogara. Ɗauki mai nono da yawa. Cikinta kwana 23 ne. Takan haifi 10 zuwa 12 a lokaci guda, wani lokaci fiye. 'Ya'yan na zuwa tsirara, idanu a rufe, amma cikin mako uku an yaye su, kuma uwar takan sake ɗaukar ciki a cikin kwana ɗaya ko biyu da haihuwa, tana shayarwa tana da wani. 'Yar da aka haifa yau, bayan wata uku ita ma uwa ce. Yi lissafi da kanka. Mace ɗaya ta haihu sau uku a damina, 'ya'ya 30 ke nan. A haihuwar farko akwai mata kamar 5, kowace ta kawo 10 kafin ciyawa ta bushe, an ƙara 50. Daga rami ɗaya an doshi 80, ba a ma lissafa jikokin haihuwa ta biyu ba.

Abin da ke buɗe wannan ƙofa shi ne ruwan sama. Da rani haihuwa takan tsaya ko ta ragu ƙwarai. Da ciyawa ta tsiro, iri ya fara nuna, ƙwari suka yawaita, sai ta tashi. Damina gajeriya tana ba su haihuwa biyu ko uku. Damina mai tsawo, wadda ta fara da wuri ta ƙare a makare, tana ba 'ya'yan farko damar su haihu su ma a cikin shekarar, kuma nan ne lissafi ke ƙwacewa. Abin ya fi muni idan damina mai kyau ta biyo bayan fari, domin fari ya riga ya rage macizai da tsuntsayen da ke cin ɓera, su kuma ba sa farfaɗowa da saurin da ɓera ke yi. Haka aka gani a 1975 da 1976, bayan babban farin farkon shekarun 1970, lokacin da ɓeraye suka mamaye gonaki a arewacin Senegal. Aka sake gani a 1986 da 1987 bayan farin 1984, daga Senegal da Mali har Nijar da Chadi da Sudan.

Gonakin ban ruwa sun ƙara wani abu. Inda ake shinkafa da damina, alkama ko shinkafa da rani, ga ruwa a magudana, ɓera bai san yunwar bazara ba. Kakarsa ba ta ƙarewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jira har a ga ɓarna. Ranar da ka ga tsakiyar gona ta yi sanƙo, ɓerayen sun riga sun kai ɗaruruwa, duk wanda ka kashe akwai goma a bayansa, abincin da ya bari kuma ya ƙara wa saura ƙarfin haihuwa. Lokacin yaƙi shi ne ƙarshen rani zuwa makonnin farko na shuka, sa'ad da suke 'yan kaɗan, a rame, ga yunwa, ba ciyawar ɓuya. Mace ɗaya da aka kama a watan Mayu ta fi hamsin da aka kashe a watan Oktoba. Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. In ka share taka gonar maƙwabci bai share ba, cikin mako biyu nasa sun cike gurbin. A sa rana, dukan masu gona a fadamar su fito tare: a nome bakin kwami da gefen magudana, a rage faɗin kunyar iyaka don kada ta ɗauki rami, a kwashe tarin kara da bunu, a tone ramuka, a ɗana tarko a kan hanyoyin da aka gani. A kuma yi ƙoƙari a yi shuka a cikin mako biyu da juna. Inda wannan ya girbe wancan bai fitar da kai ba, ɓera na tashi daga gona zuwa gona ne yana ci ba hutu.

Wata mai sayar da hatsi daga Dawanau ta ce: Na sa magani, daren farko biyu suka mutu, daga nan ko kallonsa ba sa yi. Sun gane ne?

Hajiya, sun gane. Ɓera ba ya iya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan, don haka yake da tsananin tsoron sabon abu. Ya tarar da abincin da bai sani ba, sai ya ɗanɗana kaɗan ya tafi ya jira. In cikinsa ya murɗa bai mutu ba, ba zai sake kusantar wannan ƙamshi ba har tsawon watanni. 'Yan uwansa kuma suna shinshina bakin juna, abin da suka ji a bakin mai lafiya shi suke nema su ci.

Maganin da kika sa, in baƙin gari ne mai warin tafarnuwa, zinki fosfayid ne, mai kisa cikin sa'o'i. Irin wannan ba a fara sa shi kai tsaye. A fara da abinci zalla, ɓarzajjiyar masara da ɗan man gyaɗa, cokali biyu a kowane wuri, a jikin bango inda ake ganin kashinsu, dare uku ko huɗu a jere, wuri ɗaya, mazubi ɗaya. Da an ga suna cinyewa tas, sai a gauraya maganin da irin wannan abincin daidai yadda takardar ta ce, wanda yawanci kashi 2 ne cikin 100. In aka zuba fiye da haka ɗaci da wari za su kore su, shi ne abin da ke ɓata aikin mutane da yawa. A bar shi dare biyu, a kwashe saura a binne. Kada a maimaita sai bayan watanni.

Nau'i na biyu, mai zuwa a dunƙule ko ƙwaya-ƙwaya masu launi, jini yake tsinkawa. Ba ya kisa sai bayan kwana 3 zuwa 7, don haka ɓera ba ya danganta ciwon da abincin. Shi haƙuri yake so: a riƙa ƙarawa in ya ƙare, har a ga an daina ci.

Dukansu guba ne ga mutum. A sa su a cikin guntun bututu ko tukunya da aka huda aka kife aka danne da dutse, inda yaro ko kaza ba za su kai ba, kuma kada a sa a cikin ɗakin da hatsi ke buɗe. In yaro ya haɗiya, a kai shi asibiti nan take tare da takardar maganin, ko da bai nuna alamar komai ba, domin mai tsinka jini sai bayan kwanaki yake bayyana, kuma yana da makari, bitamin K1. Ra'ayinmu dai, a rumfar hatsi tarko ya fi. Shi ma a bar shi dare biyu da abinci ba a ɗana ba, a jingina bakinsa da bango, a sa da yawa lokaci guda, goma ko fiye, ba ɗaya ba.

Wani matashi daga Gombe ya ce: Mukan cinna wa daji wuta mu kama gafiya da ɓera. Ai muna rage su ne?

Ɗana, kuna koro su gida ne. Wuta ba ta kai ƙasan rami. Abin da take cinyewa shi ne ciyawa da irin da za su ci da rani, da abincin dabbobin makiyaya, da ƙananan itatuwa. Ɓeran da ya fito ya tarar da toka, ina zai nufa in ba rumbun da ke bakin gari ba?

Sannan ku daina zura hannu a rami. Ramin ɓera masaukin maciji ne, ko ya shiga farauta ko ya shiga neman sanyi. Yankinku na Kaltungo ya yi suna da kububuwa har akwai asibiti na musamman don saran maciji, kuma masu tonon ɓera na cikin waɗanda ake yawan kaiwa da sara a hannu.

Wanda ke rage ɓera da gaske shi ne wanda kuke jifa da dutse. Farar mujiya, mai fuska kamar faranti, tana cin ɓera uku ko huɗu a dare ɗaya, kuma da kunne take kama shi ko da duhu ya kai duhu. Uwa da uba da 'ya'yansu sukan cinye fiye da dubu a shekara. A gonakin kwakwar manja na Malesiya akwatuna ake kafa mata a kan dogayen sanduna don ta yi sheƙa. Mu nan ana ganinta a ce mugun abu ce a kashe, abin takaici. Shirwa da shaho da tunku da muzurun daji da yanyawa duk ma'aikatan manomi ne da ba ya biya. Ko sanda mai tsawon mita uku da gicciye a kai ka kafa a tsakiyar gona, ka ba tsuntsu wurin tsayawa ya yi gadi. A tuna kuma, ɓeran da ya ci maganin tsinka jini yakan yi kwanaki yana yawo a galabaice, mujiyar da ta ɗauke shi ita ma ta ci guba. Shi ya sa ake tsince gawarwaki kowace safiya.

Wata uwa daga Bauchi ta tambaya: Kowane ɓera ne ke kawo zazzaɓin Lassa?

Babban mai ɗauke da ita shi ne mai nono da yawa da muka ambata. Shi ba ya ciwo, yana yawo da ƙwayar cutar yana zubar da ita a fitsari da kashi. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, daga nan ta samo suna. Tana tashi ne daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da daji ya bushe wannan ɓera ya komo gida, kuma Bauchi na cikin jihohin da ta fi kamawa tare da Ondo da Edo da Taraba.

Hanyar kamuwa a fili take: hatsi ko gari da aka shanya a ƙasa ko a bakin titi aka bar shi ya kwana, tuwo da aka bari a buɗe, ƙurar shara mai busasshen kashin ɓera, da fiɗar ɓera da hannu. Daga nan takan wuce daga mutum zuwa mai jinyarsa ta jini da amai da fitsari. Alamu kan fito cikin mako ɗaya zuwa uku. Kusan 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma ga saura tana da tsanani, ta fi kuma haɗari ga mai tsohon ciki, wasu da suka warke takan bar su da kurumta. Zazzaɓin da aka sha maganin cizon sauro kwana biyu ko uku bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro da kasala, a tafi asibiti, kada a tsaya a kemis. Maganin Lassa ya fi aiki in an fara shi a kwanakin farko. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, tana da layin kira kyauta, 6232.

Wajen shara, kada a share kashin ɓera a bushe. A yayyafa masa ruwan bilic, ma'auni ɗaya a cikin ruwa ma'auni tara, a bar shi minti biyar, a kwashe da leda a hannu. Mataccen ɓera a ɗauke shi da leda biyu a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Daga Funtuwa: Yaya zan hana su shiga rumbu, tunda ko siminti na ga sun huda?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙamshin hatsi ke kiransa, haƙori kuma ke buɗe masa hanya. Haƙoransa huɗu na gaba ba sa daina tsiro, kamar milimita 2 zuwa 3 a mako. Fuskarsu ta gaba, mai ruwan lemo, ta fi ta baya tauri, don haka kullum suna wasa kansu kamar kurfi. Laka da katako da roba da simintin da aka cika wa yashi duk yana cin su. Abin da ke gagararsa shi ne ƙarfe da wuri mai santsi da ba shi da gefen da zai kafa haƙori.

Ƙaramin ɓera yana wucewa ta kafar da ɗan yatsanka zai shiga, kamar milimita 12, 'yan mitsi-mitsin kuwa rabin haka ya ishe su. A bi ɗakin ajiya da fitila, a toshe kowace kafa da siminti mai ƙarfi haɗe da fasasshiyar kwalba ko ragar ƙarfe, a buga langa-langa a ƙasan ƙofa har tsawon kamu ɗaya da rabi. Buhuna a ɗora su a kan katako, a bar rabin mita tsakaninsu da bango don a iya zagayawa a duba. Rumbun zana a ɗaga shi mita ɗaya a kan ƙafafu, a sa wa kowace ƙafa hular langa-langa a kife kamar mazurari, bakinta ya fito kamu ɗaya daga jikin itacen. Sai a kula da abin da ke lalata wannan duka: tsani ko galma ko keke da aka jingina da rumbun, ko reshen bishiya da ya sauko kan jinka. Iri da hatsin ci na gida sun fi aminci a cikin durom mai murfi.

Asarar ba ƙarama ba ce. Ɓera na cin kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa kullum. Ɗari biyu masu giram 50 suna cin kilo ɗaya a rana, buhu mai kilo 100 cikin wata uku da 'yan kwanaki, ban da wanda suka ɓata da fitsari, wanda ya fi wanda suka ci yawa. Don ka san ko aikinka ya yi, barbaɗa toka mai laushi a bakin ƙofa da jikin bango da magariba. Da safe in ka ga sawu, yatsu huɗu a gaba biyar a baya da layin wutsiya a tsakiya, bi shi har inda ya ɓace, nan kafar take.